Shi Ƙafa, Ni Hannu

Briqueterie, Yawunde
8 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga Yaya Hajja Kaltuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da duk mutanen Fagge. Mu nan mun gode Allah. Salwa tana gaishe ki, ta shiga aji biyu, yanzu da Faransanci take yi mana faɗa a gida.

Yaya, na san saƙon baki ya riga ya isa gare ki cewa ƙanenki, Baban Salwa, ya faɗi a shago tun watan Satumba. Ban so in rubuto miki hawaye na ɗiga a kan takarda ba, shi ya sa na jinkirta. Ga maganar daga bakina. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana kuma ta ɗauke. Mun yi sati uku a asibiti kafin a sallame mu. Likita ya ce mu nemo masa keken guragu. Na ce masa to, amma to ɗin a baki ya tsaya.

Halin gari ba sai na ɓoye miki ba. Kiriz ɗin nan da muke ji a rediyo, wato matsin tattalin arziki, ta shigo har cikin tukunya. Ma'aikatan gwamnati da ke kawo masa manyan riguna an zabtare musu albashi, ana kuma raɗe-raɗin za a sake. Tun kafin ya kwanta shago ya yi sanyi. Na saki shagon, na sa aka ɗauko keken ɗinkinsa aka ajiye a ɗaki, na lulluɓe shi da zani. Ni kuma ina toya masa da safe a bakin layi, masu hawa unguwar Tsinga aiki suna tsayawa su saya. Ba mu kwana da yunwa ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Albishir nake so in yi miki.

Ranar Alhamis na kawo masa kunu, zan ba shi a baki kamar kullum, sai ya kau da kai. Ya kafe cokalin da ido. Na sa masa a hannun hagu. Na farko ya zube a riga. Na biyu a tabarma. Na uku ya kai haɓa. Na huɗu, Yaya, ya shiga baki. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Larai maƙwabciyata ta faɗo ɗakin da kumfar wanki a hannu tana cewa, "Afra'u, lafiya? Wa ya haihu?"

Na ce, "Cokali ne ya isa baki."

Ta dube ni, ta dube shi, ita ma ta kama hanci ta saki tata. Kafin la'asar labari ya kai wa Mohaman Bello, Bafillacen Ngaundere da ke tsire a kwanar layinmu, ya aiko da tsire mai zafi a takarda. Muka dafa shayi. Ƙanenki ya yi dariya da rabin baki. Wata biyu ke nan ban ga haƙorinsa ba.

Daga ranar na yi wa kaina doka: duk sabon abin da ya iya, komai ƙanƙantarsa, ba zai wuce shiru a gidan nan ba.

Ki taya mu da addu'a. Zai tashi, ina ji a jikina.

Taki,
Afra'u

*

Fagge, Kano
12 ga Disamba, 1993

Afra'u,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun Ɗanjuma mai goro, ɗana Shamsuddin ya karanta mini har sau biyu. Muna nan lafiya. Allah ya ba Nu'man sauƙi, ya sa kaffara ce. Ɗawainiyar da kike yi ban raina ba, Allah ya saka miki.

Amma kin san ni, ba na iya riƙe magana a ciki. Zancen guɗar nan bai yi mini daɗi ba. Ɗanjuma ya ce ranar da ya je karɓar takarda ya tarar da gidan cike da mata, ana shan shayi ana shewa, wai don Nu'man ya ɓalle maɓallin riga da kansa. Mutumin da hannunsa ya zana wa manyan mutane aska takwas a ƙirjin riga, shi ne yau ake tara wa unguwa ana tafi kamar yaron da ya fara tatata? Ke yarinya ce, a can aka haife ki, wataƙila haka kuke yi. A wurinmu gidan majinyaci gidan natsuwa ne da addu'a. Ki rufa masa asiri, Afra'u. Idan ya warke ya miƙe, ni da kaina zan yanka rago. Kafin nan ban ga abin murna ba.

Magana ta biyu ita ce babba. Ki kawo shi gida. Ƙasar nan taku ta rikice, ke kaɗai ce, ga yarinya, ga suyar masa. Ɗakin marigayi Baba yana nan a rufe, zan sa a share. A nan yana da dangi da za su karɓe ki jinya. Ni ce babba a gidanmu yanzu, haƙƙinsa yana wuyana. Ina jiran amsarki.

Ki shafa mini kan Salwa.

Yayarku,
Kaltuma

*

Briqueterie
20 ga Janairu, 1994

Yaya Hajja,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Jikin Baban Salwa da sauƙi, kumburin ƙafar ya saɓe.

Na karanta takardarki, ta kuma shige ni. A kan tara mata kin yi gaskiya. Na tambaye shi ko taron yana damunsa, ya gyaɗa kai. Na ji kunya ƙwarai. Yanzu daga ni sai Salwa sai Larai, wani lokaci Mohaman Bello ya leƙo daga zaure.

A kan guɗa kuwa, na gwada bin umarninki, sai ki ji yadda aka yi. Ran nan ya dafa bango ya miƙe tsaye, shi kaɗai, har na ƙirga goma a raina. Ya juyo yana kallona. Na danne zuciyata na ce, "Sannu, Malam," na ci gaba da tankaɗe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya zame ya zauna. Yaya, kwana biyar bai ƙara gwadawa ba. Mai motsa masa gaɓoɓi, wanda nan ake kira kine, ya zo ya yi ta lallashi, ko yatsa ya ƙi ɗagawa. Rana ta shida ya sake miƙewa, da ya ga na yi shiru sai ya ɗauki kofin silba ya yi ta buga shi a ƙasa. Larai ta leƙo ta ce, "Ke Afra'u, Malam haƙƙinsa yake tambaya." Na ajiye rariya na biya shi har da na baya.

Ni dai abin da na gani ke nan. Warkewar da kike jira a yanka rago ba za ta zo rana ɗaya ta yi sallama a ƙofa ba. Da cokali take zuwa, da maɓalli, da dafa bango. In ba mu tare ta a nan ba, ban san inda za mu gan ta ba.

Zancen tahowa gida, ki yi mini haƙuri tukuna. Nan ya san muryar kowa. Da safe masu wucewa suna ɗaga murya ta taga, "Tela, an tashi lafiya?" yana amsawa da hannu.

Kin dai ji an karya darajar sefa makon jiya. Mun kwana da kuɗi mun tashi da rabinsu. Shinkafa da mai da magani duk sun yi sama, masa ta fara gagarata. Amma ina da dabara.

Ɗanjuma yana ƙofar gida yana ta kira, wai jirgin ƙasa ba zai jira shi ba. Babban labari a gurguje: ranar Talata Baban Salwa ya hau keke, kuma ga alama a kai zai riƙa wuni daga yanzu. Sai da muka kama shi mu biyu muka ɗora. Na yi kuka kamar me. Cikakken bayani sai a takarda ta gaba.

Taki,
Afra'u

*

Fagge, Kano
20 ga Maris, 1994

Afra'u,

Assalamu alaikum. An yi salla lafiya? Mu mun yi, amma ni ban san ɗanɗanon abin da na ci ba.

Wata biyu cur ba takarda. Kin ce bayani yana tafe, azumi ya zo ya wuce ban ga komai ba. Rediyo kullum zancen rikicin Bakasi, Ɗanjuma ko ƙeyarsa ba a gani ba. Wannan ma ta hannun Hajiya Tasalla mai atamfa na bayar, da yake za ta bi ta Garwa.

Ashe abin da likita ya faɗa ne ya tabbata. Ya hau keken guragu, a kai zai riƙa wuni, kuka kama shi ku biyu kuka ɗora, kika yi kuka. Kullum sai na sa Shamsuddin ya maimaita mini layukan nan, har ya haddace. Kina ta ba ni labarin cokali da bango don ki kwantar mini da hankali, gaskiyar kuwa kika bar ta a gindin takarda kika gudu.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, don lokacin Nu'man yana can yana koyon ɗinki. Irin wannan ciwon ne ya kama Baba. Ni na yi jinyarsa shekara huɗu. Shekarar farko kullum ina cewa gobe zai tashi. Na gaya wa dangi, na gaya wa maƙwabta, har takalmi na saya masa na ajiye. Bai tashi ba. Ranar da ya rasu takalmin yana ƙarƙashin gado a ledarsa. Tun daga nan nake tsoron murnar da aka yi da wuri. Ba ƙinki nake yi ba, Afra'u. Ba na so ki faɗo daga inda na faɗo.

Na yanke shawara. Shamsuddin ya yi magana da wani direba da ya san hanyar garin Banki na kan iyaka. Da an ga hanya ta lafa, kafin babbar salla, za su zo su ɗauko ku ku uku. Ki sayar da abin da ba zai ɗauku ba, har keken ɗinkin, tunda mai shi ya gama da shi. Wannan karon ba shawararki nake nema ba.

Yayarku,
Kaltuma

*

Briqueterie
9 ga Afrilu, 1994

Yaya Hajja, ranki ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Mun yi salla lafiya, muna kuma lafiya. Hajiya Tasalla ta kawo takardarki shekaranjiya. Da na kai tsakiya na dafe kai na ce, "Wayyo ni Afra'u, na kashe Yaya da gaggawata."

Yaya, keken ɗinki! Keken ɗinkinsa ya hau! Keken guragu ko tayarsa ba ta taɓa shiga gidan nan ba.

Laifina ne, ki gafarce ni. Na rubuta miki bayanin tun farkon azumi, amma takardar tana aljihun Ɗanjuma har yau. Ana yawan tsare 'yan Najeriya a hanya ana tambayar takardun zama, nasa kuma sun ƙare, sai ya maƙale nan Yawunde, a unguwar Ekoudou wurin ɗan'uwansa. Ga yadda abin ya faru.

Da masa ta daina riƙe mu, na yaye zanin da ke kan keken na ce zan koya. Shekara tara ina kallon mutum yana ɗinki, na ɗauka abin wasa ne. Ina taka feda, keken ya juya baya, zare ya tsinke. In na kula da ƙafa hannu ya ɓace, in na kula da hannu ƙafa ta tsaya. Yana kan tabarma yana kallona, yana nishi kamar ana taka masa ciki. Da na karya allura ta biyu sai na ji an ce, "A'a!"

Na waiga. Ba kowa a ɗakin sai shi.

Na ce, "Malam, kai ne?"

Ya ce, "A'a!" Ya nuna keken, ya nuna ƙirjinsa.

Kalmarsa ta farko ke nan tun Satumba, kuma faɗa ce. Na kira Larai muka ɗora shi a benci. Ya sa ƙafar hagu a feda, ya lumshe ido, ya taka. Yaya, ƙarar nan da na yi wata huɗu ban ji ba ta cika ɗaki, sumul, ba gargada. Kukan da na ce miki na yi, na wannan ne.

Yanzu haka muke aiki, a benci ɗaya: shi ƙafa, ni hannu. In na karkace ya tsayar da keke ya harare ni. Aikinmu na farko labulen Larai ne. Kalmasar ta fito kamar hanyar unguwar Elig-Edzoa, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Sau uku yana sa ni farkewa. Da na huɗu ya miƙe, Larai ta rataya shi ta tsaya a tsakar gida tana kiran mutane su zo su ga ƙofarta.

Kiriz ɗin ma ta kawo mana kasuwa ta inda ba mu zata ba. Ba mai ɗinka sabo, kowa gyara yake. Ma'aikata suna kawo wanduna a rage musu ƙugu, don duk sun rame. Wani malamin makaranta ya kawo kwat a juya mata wuya, ya ce, "Madam, ki yi yadda ɗalibaina ba za su gane ba." Da ya zo karɓa ya sa ya juya a gaban madubi, ya kama hannun Malam na hagu da hannu biyu ya yi ta girgizawa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, tunda kin ce ina ɓoye gaskiya a gindin takarda. Hannun dama bai motsa ba, kine ya ce wataƙila ba zai motsa ba. Aska takwas ta wuce, na sani, shi ma ya sani. Cikin azumi ya faɗi a banɗaki ya fasa leɓe, ya kwana biyu bai ci abinci ba, ni kuma na shiga bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska. Maganarsa ba ta wuce kalma goma sha ba. Ban sayi takalmi na ajiye ba, Yaya. Ba gobe nake yi wa guɗa ba. Abin da ya riga ya faru yau nake yi wa, wanda ko gobe ta ƙi ba mai ƙwace mana shi.

Ranar salla ya dogara sanda ya taka daga ɗaki har zaure. Ya zauna a bakin ƙofa cikin farar rigarsa, masu dawowa daga idi suna tsayawa suna gaishe shi. Mohaman Bello ya ce, "Tela, baɗi tare za mu je filin." Malam ya ce, "To."

Na karanta masa takardarki duka, ban tsallake komai ba. Wurin zancen Baba ya yi hawaye. Wurin zancen mota ya buga sanda a ƙasa. Na ce, "Malam, Yaya ce fa. Ni ba zan iya ce mata a'a sau biyu ba. In Shamsuddin ya zo zan shimfiɗa masa tabarma in haɗa kaya." Sai ya nuna biro. Tun azahar yake fama, da hagu, sai da aka kira la'asar ya gama. Ya yaga takarda uku. Ga ta huɗun nan na liƙa a ƙasa, ban gyara masa ko ɗigo ba.

Taki,
Afra'u

*Yaya. Ina gaisuwa. Ina aiki. Kar a turo mota. Zan zo da kaina. Nu'man.*

*

Fagge, Kano
6 ga Mayu, 1994

Afra'u, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina fata mai jiki yana ƙara samun sauƙi.

Shamsuddin yana karantawa, da ya kai wurin keken ɗinki ya fashe da dariya har takarda ta faɗi. Na ce ya rufe mini baki, sannan ni ma ta kubce mini. Wata uku ina makokin keken da babu shi.

'Yar takardar Nu'man kuwa ban bari ya karanta mini ba. Na karɓa na sa tabarau na bi ta harafi harafi da ɗan bokon da na sani. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan tawada, amma na gane kowace kalma. Taurin kan ma na gane shi, na gidanmu ne.

Akwai abin da ya dawo mini, ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana a shekara ta biyu ta ciwon Baba, ina wanki a ƙofar ɗakinsa, ƙuda ya sauka masa a goshi. Sai na ga ya ɗaga hannun nan da muka ce ya mutu, ya kore shi. Ya juyo yana kallona. Ni kuwa tashi nake jira, ba korar ƙuda ba. Na ce, "Sannu, Baba," na ci gaba da wankina. Ban ƙara ganin hannun ya motsa ba. Allah ne ya san abin da zai faru da na yi wani abu daban, ba na ce na sani ba. Amma kallon nan yana nan a idona. Ki ci gaba da abin da kike yi. Na janye maganata.

An sallami direba. A madadin mota, Hajiya Tasalla za ta ba ki ƙunshi. Atamfa ce turmi ɗaya, da tsohuwar rigata a ciki don awo. Riga da zani da ɗankwali nake so. Ki gaya wa telan naku ba na sauri, amma ba na son a kai wa wani, ko da maɓalli ne. In kalmasa ta karkace kada ya sa ki farke sau uku, ku bar ta haka. A bikin 'yar Shamsuddin zan sa bayan damina, kuma duk matar da ta tambaye ni wa ya ɗinka, sai ta zauna ta ji labarin tun daga farko.

Yayarku,
Kaltuma